Murya Ba Fuska

Shagona a bene yake, bayan Titin Gidan Zu,
taga ɗaya, fanka mai tari,
kwamfuta biyu; ɗayar ta mutu tun bara,
na bar ta tana riƙe min kofin shayi.

Bayan la'asar Bahijja ta hawo matakala,
katin kyamara ƙulle a bakin mayafi.
Ta ce, "Sunan ɗana ne, watan Rajab.
Baba na ciki. Bai ga azumi ba."
Ta kwance ƙullin ta ɗora min a tafi,
abu bai fi farcen babban yatsa ba.

Na zura kati, na jawo fayil cikin manhaja.
Layin sauti ya miƙe, kore, yana numfashi.
Allon hoto kuwa baƙi ƙirin,
sai ka ce gindin tukunya.

Sai ga murya: "Ku matso da yaron nan inuwa."
Ɗan tari. Kukan rago. Ana jan kujerun roba.
Bahijja ta dafa bango.
"Shi ne," ta ce. "Ina fuskar?"

Na ce jibi.
Jibin masu sana'a ce, ni ma ban san ranar ba.

Na yanke wutsiyar sunan fayil na liƙa wata,
manhaja ta dube shi ta kau da kai;
canza wa tuwo suna bai mai da shi waina ba.
Na kashe, na kunna.
Na yi bisimilla na sake kunnawa.
Sau ɗaya hoton ya leƙo, kore da shunayya,
gida-gida kamar saƙar tabarma,
rabin hula, sai ya nutse.

Na kira Nafi'u mai kyamarar.
"Sabuwa ce fil, daga Dubai aka kawo min.
Ni dai na danna ja, ta ɗauka."

Kamilu na Titin Bairut ne ya warware min,
yana shan rake, bai ko ɗago ba:
"Sunan fayil buhu ne kawai,
na ciki an matse shi da wani yare.
Kodek tafinta ne. Naka ya tsufa,
yana jin yaren murya, na hoto ya fi ƙarfinsa.
Ko ka ɗauko sabon tafinta,
ko ka juye zancen yadda tsohon zai gane."

Sabon tafinta na son kwamfuta mai jini a jika.
Tawa ta girmi ɗana na fari.
Na zaɓi juyi.

Daren Talata, sandar juyi na rarrafe,
goma, ashirin, sauro na rabon ƙafata.
Tamanin da bakwai aka ɗauke wuta.
Ban zagi kowa ba.
Na sauka na ja janareta, igiyar ta biyo hannuna.
Na ɗaure ta. Muka koma sifili.

Juyin farko, leɓe ya riga murya isowa,
baki ya rufe, "amin" na tafe a baya
kamar yaron da aka manta a tasha.
Ashirin da biyar na sa a daƙiƙa,
ashe talatin kyamarar ke ɗauka.
Na gyara lissafi. Na sake jira.

Ana kiran assalatu ta cika ɗari.

Ga shi nan. Tsoho siriri, hula ta karkace,
telan Fagge, idonsa ya saba da ramin allura,
ya riƙe jinjiri kamar ƙwai a cokali,
farin zare maƙale a kafaɗar rigarsa.
Ya dubo ni, ni da ban taɓa gaishe shi ba,
ya ce, "Wai abin nan yana ɗauka?"

Da hantsi Bahijja ta zo.
Na danna, na koma taga ina ƙirga Adaidaita.
Ban ji kuka ba.
Da na waigo, ta kai yatsa kan allo
tana so ta cire masa zaren.